Minti Huɗu na Toivo Maigadi

A gidan Eino Rantala babu wanda ya tambayi Toivo ko yana sha'awar zama gola. Shi ne auta cikin maza huɗu, kuma a ƙauyukanmu na arewacin Thunder Bay dokar a bayyane take: auta shi ke tsaron raga. Da hunturu ya kama, Eino zai kwarara ruwa a bayan sauna, ɗakin wankan tururi, har ya daskare ya zama fili. Yayye uku su ɗaura takalman ƙanƙara su ɗauki sandunan hoki, shi kuwa Toivo a ɗaure masa tsofaffin littattafan tallan kaya a ƙwauri, a tsayar da shi tsakanin gwangwanayen madara biyu, a yi ta jifarsa da baƙin faifan roba har uwarsu ta leƙo ta ce miya na hucewa. Yana ɗan shekara shida ya gano abin da ya riƙe shi har girma: duk duniya babu abin da ya kai daɗin kallon fuskar babban yaya lokacin da ya harbo da iya ƙarfinsa, ƙane ya cafke ya miƙa masa abinsa.

Yayyen duk a masana'antar takarda suka ƙare, kamar ubansu. Autan ne aka zo nema. A 1973, yana da shekara ashirin, wata ƙungiya ta Babbar Gasa ta ɗauke shi. Ƙauye ya ɗauka gaba ɗaya, matan coci suka gasa burodi kamar ana biki, tsofaffi a sauna suka fara gardamar ranar da za a gan shi a talabijin. Sai dai ƙungiyar ba birni ta kai shi ba. Ƙaramar gasa ta tura shi, inda take ajiye 'yan wasanta su nuna, aka ce masa shekara ɗaya ce, in ta yi yawa biyu.

Shekara goma sha huɗu ya yi.

Wanda bai zauna a bas ɗin ƙaramar gasa ba bai san tsawon nahiyar nan ba. Muskegon, Saginaw, Peoria, Kalamazoo, a sake juyowa Muskegon, jiƙaƙƙun kayan wasa suna tashin wari daga ƙarƙashin mota, ana buga karta a kan akwati, ana shan wani kofi da ko direba ba ya kurɓa sai dole. Kuma kada wani ya ce Toivo ba gwani ba ne. Waɗanda suka gan shi a Saginaw ranar da ya tare harbi hamsin da huɗu har yanzu ba su gaji da ba da labarin ba. Sau biyu ya ɗaga kofin ƙaramar gasa. A Kalamazoo ya auri Darlene, malamar firamare wadda ranar da suka haɗu ba ta san mutum nawa ke buga hoki ba, bayan shekara ɗaya kuwa alƙalan wasa duk sun san muryarta.

Babbar ƙungiya ba ta manta da shi ba, takan kira shi. Kowace ƙungiya da gola biyu take shiga wasa, ɗaya a raga, ɗaya a benci ko da wani abu zai faru. Duk lokacin da golan benci ya ji rauni ko matarsa ta haihu, sai waya ta yi ƙara a Kalamazoo a ce Toivo ya hau jirgi. Sau goma sha ɗaya aka kira shi. Wasa sittin da uku ya sa rigar Babbar Gasa da sunansa a baya, ya ɗaura sulken ƙirji da manyan filon ƙafa, ya zauna a ƙarshen benci da hular hana-salla a kai da tawul a wuya.

Aikin golan benci kowa ya san shi: shi ke buɗe ƙaramar ƙofar da 'yan wasa ke shigowa benci ta cikinta idan ana canji. Canji kuwa a hoki ba tsayawa ake yi ba, kafin minti ya cika mutum biyar sun faɗo benci a guje, biyar sun tsallaka katanga sun fita. In ka makara da rabin daƙiƙa, ƙato ya daki ƙofa da gwiwa ya zage ka har kakanninka. Toivo bai taɓa makara ba. Ba ya ko kallon sakata, ƙarar takalmi kawai yake ji ya san mai tahowa da inda zai faɗo. Daga nan suka sa masa Maigadi, sunan ya bi shi har bas ɗin Kalamazoo.

Ga inda gizo ke saƙar. A littafin Babbar Gasa, gola bai buga wasa ba sai ya tsaya a raga agogo yana tafiya, ko da daƙiƙa ɗaya ce. Zaman benci kuwa ko na shekara ɗari ne ba a rubuta shi. Mutum ya sa riga sau sittin da uku, ka buɗe littafi ka nemi Rantala, babu shi babu alamarsa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Abin yana cinsa, bai kuma taɓa ɓoye wa Darlene ba.

"Ba sunan ne ya fi damuna ba," ya ce mata wata safiya yana shafa mai a filon ƙafarsa a kicin, abin da ta hana shi sau ɗari. "A atisaye kullum ina tare su, amma atisaye wasan yara ne. Harbi ɗaya nake so, Darlene. Na gaske, agogo na tafiya, daga wanda ke son ya ci ni. In san ko zan iya."

"Za ka iya," in ji ta. "Sauke wannan abin daga kan teburina."

Mutum ɗaya ne ya tare masa hanya, wato Aurèle Dufresne, golan farko, mutumin Quebec, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda mura ma tsoronsa take ji. Ranar wasa ba ya magana da kowa, ba a taɓa masa safar hannu, kuma ko ƙungiya ta ci shida ko an ci ta shida ba ya barin raga. Koci Hanlan ma ya san kada ya gwada. In Toivo ya zo, ɗaki ɗaya ake ba su a otal, kuma abin mamaki jininsu ya haɗu.

"Maigadi, ka dawo? Wa ya mutu?"

"Kai nake jira."

"To nemi kujera mai laushi. Kakana shekara ɗari da biyu ya yi, kuma doki ne ya kashe shi."

Sau biyu abin ya zo har bakin ƙofa ya juya. Na farko a 1978 ne. Faifai ya sami Aurèle a garkuwar fuska, ƙarar ta kai har kujerun sama, ya zube a gaban raga bai motsa ba. Toivo ya jefar da hula, ya sa tasa garkuwar, ƙafa ɗaya har ta tsallaka katanga. Sai Aurèle ya miƙe zaune, ya girgiza kai, ya tofar da haƙori, ya nemi sandarsa. Darlene, wadda ke kallo a talabijin a gida, ta ce masa a waya:

"Allah ya yafe mini, Toivo. Addu'a na yi kada ya tashi. Ba mutuwa na roƙa masa ba fa, ya ɗan suma na minti ashirin kawai."

Na biyun shi ne mai ciwo. Koci Hanlan ya kira Toivo ranar Laraba ya ce Asabar shi zai fara, Aurèle ya buga ashirin da biyu a jere, a bar shi ya huta. Toivo ya buga waya gida. Eino, wanda bai taɓa kwana a wajen gundumarsa ba, ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi, ya hau jirgin ƙasa yini ɗaya da rabi. Ranar Juma'a aka ci ƙungiya wasan da bai kamata a ci ta ba, maki ya zama abin nema, koci ya sauya shawara. Tsoho ya zauna a kujerar da aka tanadar masa ya kalli ɗansa yana buɗe ƙofa yana rufewa har aka tashi. Da suka haɗu a waje tsohon ya kalli takalmansa sannan ya yi magana.

"Ƙofar nan," ya ce, "kana buɗe ta a kan lokaci."

Ba gatse ba ne. Eino mutum ne da in ya ga aiki mai kyau sai ya yaba, kuma wannan ne aikin da ya gani. Da zagi ne da Toivo ya fi jin sauƙi. Bayan shekara biyu tsohon ya rasu, bai sake zuwa birni ba.

A ƙarshen kakar 1987 Toivo yana da shekara talatin da huɗu, gwiwoyinsa kuwa sun fi haka tsufa. In ya durƙusa a raga sai ya yi shawara da su kafin ya miƙe. Shi da Darlene suka yanke cewa wannan kaka ita ce ta ƙarshe. Har ya fara tattara kaya, ana ga wata ga wata: golan benci na babbar ƙungiya ya karya ɗan yatsa a atisaye, saura wasa ɗaya a rufe kaka, ranar Lahadi da rana. Waya ta yi ƙara karo na goma sha biyu. Wannan karon Darlene ta nemi wadda za ta riƙe mata aji ta biyo shi.

Birnin kuwa ya ɗau zafi, amma ba don Toivo ba. Sau bakwai a wannan kaka Aurèle ya tashi wasa ba a jefa masa ko ɗaya ba, daidai da tarihin da wani tsohon golan ƙungiyar ya kafa tun kafin yaƙin duniya. In ya yi na takwas ranar Lahadi, tarihin ya zama nasa shi kaɗai. Jaridu, direbobin tasi, mai sayar da gyaɗa a ƙofar fili, kowa zancen ke nan.

Ranar Asabar suna cin abincin rana a otal Toivo ya gaya masa.

"Gobe ne na ƙarshe. Gwiwoyi sun ajiye aiki."

Aurèle ya ci gaba da yanka nama. "Sai ka yi me?"

"Gida zan koma. Na ji masana'antar takarda na neman maigadi. Ka ga ina da shaidar ƙwarewa."

Aurèle bai yi dariya ba. Ya tauna, ya haɗiye, ya kalle shi kamar zai ce wani abu.

"Miƙo gishiri," ya ce.

Lahadi fili ya cika har matakala, mutum dubu goma sha bakwai. Wasa ne irin wanda ake biyan kuɗi don a gani. Baƙin sun zo da niyyar ɓata biki, tun daga tashi suka yi wa Aurèle ruwan harbi, shi kuwa ranar ko sauro ba ya wuce shi. Ya cafke da safar hannu, ya kore da sanda, ya kwanta ruf da ciki ya tare da dunduniya. A zango na biyu wani ya kufce shi kaɗai tun daga tsakiyar fili, ya yaudare shi hagu ya juya dama, raga a buɗe, Aurèle ya miƙo hannu ta baya kamar mai ɗauko hula ya ɗauke faifan a kan layi. Fili ya kusa rushewa. Namu suka jefa ɗaya, suka ƙara, a farkon zango na uku, wato na ƙarshe, suka cika uku. Uku da nema.

Daga nan benci ya yi tsit a kan maganar. Al'ada ce: in gola yana kan hanyar tashi ba a ci shi ba, ba mai ambaton abin har a busa tashi, don ambato ke kore shi. Wani sabon ɗan wasa ya buɗe baki zai ce saura minti takwas Aurèle ya kafa tarihi, sai kyaftin Lorne Petruk ya cusa masa tawul a baki. Lorne ɗan baya ne, shekara goma sha biyar yana kwanciya a gaban harbin mutane, ƙwaurinsa duk gurbi ne. Toivo kansa wasan ya ɗauke shi. Ya manta da gwiwa, ya manta da masana'antar takarda, yana buɗe ƙofa yana rufewa, yana dukan katanga da tafin hannu duk lokacin da Aurèle ya tare.

Saura minti huɗu da daƙiƙa shida aka busa usur. Sai aka ga Aurèle ya ɗaga hannu yana kiran alƙali, yana nuna ƙafarsa ta hagu. Filon ƙafar ya zame yana reto. Doka kuwa ba ta jiran gola ya gyara kaya: in abu ya lalace, ya fita, na benci ya shiga. Aurèle ya taho benci a hankali yana jan ƙafa, fili gaba ɗaya ya yi wani irin nishi.

Sabo turken wawa. Toivo ya ji ƙarar takalmi, hannunsa ya zare sakata, ya buɗe ƙofa daidai kan lokaci. Aurèle ya shigo, Toivo ya mayar da ƙofa ya sa sakata, ya duƙa ƙarƙashin benci yana lalube.

"Tsaya, akwai wani maɗauri a jakar nan. Minti ɗaya in ɗaura maka. Ku riƙe alƙalin da surutu."

Ya ɗago ya ga benci duka shi ake kallo, alƙali ya jingina da katanga shi ma shi yake kallo, can kuma raga tsaye ba kowa a cikinta.

Aurèle, wanda ba ya magana ranar wasa, ya ɗaga garkuwar fuskarsa.

"Shekara goma sha huɗu kana buɗe wa mutane ƙofa, yau an buɗe maka ka rufe. Kai wane irin sakarai ne?"

"Aurèle, tarihin fa? In na shiga an raba, ba a rubuta maka."

"Maɗauri ya tsinke. Ni na yi dokar?"

Koci Hanlan ya duƙa ya ɗaga bakin maɗaurin. Yankan a miƙe yake sumul, irin wanda fata ba ta yi da kanta. Ya kalli maɗauri, ya kalli Aurèle, Aurèle ya kalli rufin fili. Koci ya saki maɗaurin ya goge hannu a wando.

"Rantala, wasiƙar gayyata kake jira?"

Lorne ne ya miƙa hannu ya zare sakata. Toivo ya jefar da hula da tawul, ya sa garkuwar fuska, ya taka ƙanƙara.

Bai taɓa sanin haske ya kai haka a tsakiyar fili ba. Ya isa raga, ya kankare gabanta da takalmi hagu da dama kamar yadda ya yi sau dubu a Peoria, ya daki ƙarafan biyu da sanda. Da aka faɗi sunansa a lasifika, da farko gunaguni aka yi, don mutane tarihi suka zo gani. Sai wasu tsofaffin 'yan kallo da ke bayan benci, waɗanda suka shekara suna kallon ƙeyarsa, suka fara kiran Maigadi, Maigadi, abin ya zagaye fili kamar wutar daji. A cikin duk wannan hayaniya ya tsinkayo muryar Darlene, tana gaya wa alƙali ya saki faifai mutane na da abin yi.

Aka saki, agogo ya motsa. Toivo ya duƙa, ya buɗe safa, yana jira.

Abin da bai sani ba shi ne, yana juya baya Lorne ya bi benci da ido ya ce, "Mutumin nan bai ɗumama jiki ba, gwiwarsa ta mutu. Duk wanda ya bar faifai ya kai gare shi, ni da shi ne." Don ƙauna ya faɗa. Ba sa so a ce Maigadi ya shiga minti huɗu an zura masa biyu, ya tafi gida da wannan.

Baƙi suka ga sabon gola suka yo ca. Harbin farko, Lorne ya zube a gabansa, ya dake shi a ƙwauri ya koma. Na biyu, wani ya tare da cinya. Na uku, yaron nan da aka cusa wa tawul ya yi sufa ya karɓe shi a haƙarƙari, ya tashi yana tangaɗi yana murmushi. Fili yana ihu duk lokacin da wani ya faɗi. Mutum biyar sun zama katanga, Toivo a bayansu yana leƙe ta tsakanin ƙafafu kamar mai kallon biki ta kafar zana. Saura minti uku. Saura biyu da rabi. Faifai bai ko shafi filon ƙafarsa ba.

"Ku ba ni in gani," ya ce da ƙarfi. "Nawa ne, ku bar shi."

Duk gola haka yake cewa, ba wanda ya saurare shi. Saura minti ɗaya da ashirin wani harbi ya taho a miƙe, Toivo ya gan shi sarai, har ya ɗaga safa, sai ga kafaɗar Lorne ta shigo ta kauda shi. A nan ne tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba lokacin da ya shigo. Agogo na cinye minti huɗunsa, abokansa kuma za su kashe kansu don su tabbatar ya fita kamar yadda ya shiga, bai san komai ba.

Saura daƙiƙa goma sha tara aka busa usur, za a saki faifai a damansa. Toivo ya bar raga ya nufi Lorne, ya kama wuyan rigarsa da safa.

"Kyaftin, in ka sake kwanciya a gaban faifan nan, da sandar nan zan fasa maka kai."

Lorne yana haki, jini a leɓe. "Kai muke karewa, tsoho."

"Na sani. Na gode. Ka kauce."

"Mai lamba huɗu na baƙi ne zai harba. Ka san harbinsa, gilashi yake fasawa. In ya shiga fa?"

"Ya shiga. Ragata ce. Don Allah, Lorne, ɗaya kawai."

Lorne ya kalle shi ta cikin wayoyin garkuwa. Ya tofar da yawu, ya koma wurinsa.

Aka saki faifai, baƙi suka ja shi baya, ya tafi sumul zuwa shuɗin layin da ke can nesa da raga, inda mai lamba huɗu ke tsaye, ƙato kamar ƙofar rumbu. Ya ɗaga sanda har sama da kai. Lorne yana gabansa daidai, jikinsa ma har ya fara sauka da kansa, gwiwa ɗaya ta kusa ƙasa. Sai ya miƙe. Ya ja ƙafa, ya matsa gefe, ya ba da hanya. Ɗan baya ya kauce wa harbi a gaban mutum dubu goma sha bakwai, abin kunyar da ake yi wa mutum gori da shi har ya yi ritaya. Lorne Petruk bai taɓa yi ba sai ranar.

Toivo ya ga faifan tun daga bakin sanda. Ya gan shi yana tashi, yana nufar kusurwar sama ta hagu. Safa ba za ta kai ba, jikinsa ya san haka kafin kansa ya sani, sai ya tunkuɗa da ƙafar dama ya jefa kafaɗa. Faifan ya same shi a ƙasan ƙashin wuya, daidai inda sulke ya ƙare. Numfashi ya ɗauke, hannun hagu ya mutu har yatsu. Ya ga baƙin abu ya faɗo gabansa yana juyi a kan ƙanƙara, sanduna uku suna nufo shi, ya faɗa a kansa da dukkan nauyinsa, gwiwoyi suka yi ƙara, bai ji ba. Usur.

Yana kwance ruf da ciki, faifai a ƙarƙashin cikinsa, fili yana girgiza, shi kuwa dariya yake yi cikin garkuwa har hawaye na shiga masa baki. Alƙali sai da ya ce masa sau biyu ya ba da faifan, akwai sauran wasa.

Daƙiƙa goma sha ɗaya da suka rage, Lorne ya ɗauke faifan ya wurga shi can ƙarshen fili, jiniya ta tashi. Benci ya zubo. Suka jeru kamar yadda ake yi wa gola, kowa ya zo ya gwara kansa da nasa. Aurèle ne na ƙarshe, ƙafa ɗaya da filo ɗaya babu.

"Harbi ɗaya tak, ka tare da wuya. A Kalamazoo ba a koya muku amfani da hannu ba ne?"

"Wa ya yanke maɗaurin nan, Aurèle?"

"Ɓera. Filin nan ya tsufa."

A ɗakin sauya kaya sai da mutum biyu suka taya shi cire sulke. Wurin ya riga ya tasa, ja jawur, da zanen gefen faifai a tsakiya kamar an buga hatimi. Mai kula da raunuka ya zo da jakar ƙanƙara zai ɗora, Toivo ya riƙe masa hannu.

"Kada ka sa."

"Zai kumbura. Gobe ba za ka iya ɗaga hannu ba."

"Bar shi ya kumbura."

Ya kuwa kumbura. Ya yi baƙi ƙirin har zuwa hammata. Da suka koma ƙauye babu wanda bai gani ba: yayyensa uku, tsofaffin sauna, mai gidan waya, har limamin coci sai da aka ɓalle masa maɓalli a bakin ƙofa bayan sujada. Daga baƙi ya koma shuɗi, ya koma kore, ya koma rawaya yana ƙanƙancewa. Sati huɗu ya yi.

Wata safiya Darlene ta shigo banɗaki ta same shi tsaye gaban madubi ba riga, ya karkata zuwa taga don haske, yana dube-dube. Fatar ta koma fes, babu komai. Ta tsaya da tawul a hannu tana kallonsa. Ya sa babban yatsa a ƙasan ƙashin wuya ya danna, ya ƙara dannawa har farce ya yi fari.

"Yana nan," ya ce. "In na danna sosai, da ɗan zafi."